Dare da rediyo a ƙasar Kurfai: labarin rumfar sama da lokutanta

A ƙasar Kurfai, in an sallace lisha, magidanta sukan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a aza butar shayi bisa gawayi, a jawo akwatin rediyo a tsakiya. Haka abin yake a Filinge, haka yake a Shikal da Tukunus da sauran garuruwan da ke jere cikin kwarin Dallol Boso. Duk wanda ya daɗe yana murza rediyo ya san abu guda: tashar nesa da ta ƙi kamuwa da azahar, da dare sai ta shigo raɗau, kamar mai maganar yana bayan darni. Ya kuma san cewa daren ɗari dabam yake da daren bazara. A wani dare murya takan zo tas, a wani kuma ta riƙa tafiya tana dawowa, har sanarwar da mutum ya zauna jira ta wuce bai ji sunan garin ba. Wani ya ce pil ne ya yi sanyi, wani ya ɗora wa hazo laifi, wani ya ɗauki akwatin ranar Lahadi zuwa kasuwar Filinge, ya biya mai gyara kuɗi a kan cutar da ba ta cikin akwatin.

Masana sun yi sama da shekara 100 suna bin diddigin wannan al'amari. Abin da suka gano shi ne, can sama, nesa da inda gizagizai ke tsayawa, akwai wata rumfa ta lantarki da ta lulluɓe duniya. Rumfar tana da darenta da ranarta, tana kuma da lokutan shekara nata, kamar yadda manomi yake da damina da kaka da rani. Ba inda lokutan nan suka fi bayyana kamar ƙuryoyin duniya biyu, arewa da kudu, inda dare ɗaya kan yi watanni. Abin da ake aunawa a can kuwa yana da alaƙa da abin da ake ji a ƙofar gida a Kurfai.

Rumfar da ido ba ya gani

Ranar 12 ga watan Disamba na shekara ta 1901, wani Ba'italiye mai suna Markoni ya ba da labarin cewa ya kama saƙon rediyo da aka aiko daga Ingila, alhali yana tsibirin Niyufanland da ke ƙetaren tekun Atlantika, tazarar da ta wuce kilomita 3000. Abin ya ɗaure wa malamai kai, domin duniya a dunƙule take, igiyar rediyo kuma miƙe take tafiya, ya kamata a ce ta wuce sama ta ɓace. A shekara ta 1902 malamai biyu, Keneli a Amurka da Hebisaid a Ingila, kowa a nasa ɓangare, suka ce lalle akwai wani rufi a sama da ke maido igiyar ƙasa. A watan Disamba na 1924 wani malamin Ingila, Edwad Afulton, ya tabbatar da zancen, ya auna tsawon rufin ya same shi wajen kilomita 100 daga ƙasa. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1947.

Rana ce ke gina rumfar. Bayan hasken da ido ke gani, rana tana fitar da wani haske mai kaifi da ido ba ya gani. In ya bugi siririyar iskar da ke can ƙololuwa, sai ya ɓamɓare ƙananan ƙwayoyin lantarki daga jikinta, su yi ta yawo sake. Iskar da ta cika da irin waɗannan ƙwayoyi takan lanƙwasa igiyar rediyo ta komo da ita ƙasa. Masana suna kiran wannan sashe na sama iyonosfiya.

Rumfar hawa uku ce. Hawa na ƙasa, wanda aka laƙaba wa harafin D, yana tsakanin kilomita 60 da 90. Na tsakiya, mai harafin E, yana daga 90 zuwa wajen 150. Na bisa, mai harafin F, shi ya fi kauri da ƙarfi, cibiyarsa tana wajen kilomita 300. Hawa na ƙasa ba ya maido igiya, shanye ta yake yi kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Da rana yakan yi ƙarfi ya haɗiye matsakaicin zango, shi ya sa ba a jin tashoshin nesa. Da rana ta faɗi sai ya watse cikin ɗan lokaci, igiya ta sami hanya ta kai hawa na bisa, ta dawo ƙasa can nesa, ta sake tashi, ta sake dawowa. Tsalle ɗaya daga hawa na bisa yana iya kai kilomita 4000. Wannan shi ne sirrin muryar dare.

Ma'aikatan gidajen rediyo sun daɗe da sanin haka. Gidan rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958 aka kuma sa masa suna Muryar Sahel a 1974, ya yi shekaru yana watsa shirye-shiryensa a gajeren zango, mita 60 da mita 31, domin muryar Yamai ta kai ƙauyukan nesa. Sashen Hausa na BBC, da ya soma a 1957, da sauran tashoshin waje, sun saba sanar da zango dabam na safe, na rana da na dare. Dalili kuwa shi ne mita 13, 16 da 19 sun fi tafiya da rana, mita 31, 41 da 49 sun fi tafiya da dare. Tashoshin FM, waɗanda suka yaɗu a Nijar tun daga shekarun 1990, igiyarsu huda rumfar take yi ta wuce, saboda haka ba a jin su sai kusa da inda aka kafa su.

Inda dare ke yin watanni

A Filinge bambancin dare mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. A watan Disamba dare yakan yi wajen awa 12 da minti 45, a watan Yuni kuma wajen awa 11. Amma da yake duniya a karkace take da digiri 23 da rabi tana kewaya rana, in aka nausa arewa bambancin sai ya yi ta ƙaruwa. A birnin Turomso na ƙasar Norwe, rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, ba ta kuma faɗuwa daga ƙarshen Mayu har ƙarshen Yuli. Musulmin da ke zaune can sukan bi lokacin Makka ko na wani gari mai dare da rana domin salla da azumi. A tsibiran Sibalbad, gaba da Norwe, daren yakan kusa wata huɗu. A ainihin ƙuryar duniya kuwa, rabin shekara rana ne, rabi dare.

Ga tambayar da ta daɗe tana damun masana: in rana ce ke gina rumfar, to a wurin da rana ta yi watanni ba ta leƙo ba, ai kamata ya yi rumfar ta rushe. Amma da aka auna sai aka tarar tana nan. Domin fahimtar dalili, sai an san wani abu game da ƙasar da ake takawa.

Duniya kanta babban maganaɗisu ce. Shi ya sa allurar nan ta neman alƙibla kullum take fuskantar arewa. Layukan ƙarfin maganaɗisun suna fitowa daga ƙuryar kudu, su yi baka a sararin sama, su nutse a ƙuryar arewa, sun zama garkuwa da ta kewaye duniya. Rana kuma ba ta daina feso ƙwayoyin lantarki dare da rana, abin da ake kira iskar rana, mai gudun wajen kilomita 400 cikin daƙiƙa ɗaya. Garkuwar takan kare mafi yawan duniya, amma a ƙuryoyin biyu layukan sun tsaya tsaye kamar bakin mazurari, ta nan ƙwayoyin ke samun hanyar kwararowa.

Saboda haka abu biyu ke riƙe rumfar a cikin dogon daren ƙurya. Na farko shi ne wannan kwararowa. Ƙwayoyin da ke zubowa sukan bugi iska su gina rumfa a madadin rana, su kuma kunna wani haske mai kama da labule, kore ko ja, da ke rawa a sama tsakanin kilomita 100 da 300. Turawa na kiransa orora. Wani malamin Norwe, Kiristiyan Birkiland, ya kwana cikin sanyin 1899 zuwa 1900 bisa dutsen Halde yana nazarinsa, shi ne kuma ya yi ta nacewa cewa daga rana asalin abin yake. Na biyu shi ne turowa. Iskar rana, in ta goga garkuwar duniya, takan haifar da wani ƙarfin lantarki da ke kwaso sassan rumfa daga ɓangaren da rana take, ya tura su su ƙetare ƙurya zuwa ɓangaren dare. Sukan zo dunƙule-dunƙule kamar hadari, faɗin kowane daga kilomita 100 zuwa 1000.

Nan ne lokutan shekara suke nuna halinsu. A watannin da rana ba ta faɗuwa, haskenta yakan cika rumfar ko'ina daidai, ta yi sumul kamar sabuwar zana. A watannin duhu kuwa takan zama kamar tsohuwar zana da iska ta yi wa kaca-kaca: nan kauri, can rami, bayan minti kaɗan kuma wurare sun sauya. Igiyar rediyo da ta faɗa irin wannan rumfa takan ɓata hanya. A shekara ta 1996 wani masani na Amurka, Faturik Niwel, da abokan aikinsa suka nuna, bisa ga awon taurarin ɗan Adam na shekaru da dama, cewa orora mai tsananin ƙarfi ta fi yawa a inda sama take cikin duhu, wato ƙuryar da ke cikin sanyi ta fi ƙuryar da ke cikin rani samunta. Domin bin waɗannan sauye-sauye ne ƙasashen Turai suka kafa babbar na'urar EISCAT kusa da Turomso a 1981, suka ƙara wata a Sibalbad a 1996.

Watannin guguwa

Iskar rana ba kullum take kaɗawa a hankali ba. A fuskar rana akwai baƙaƙen tabo da ke ƙaruwa su ragu cikin zagaye na wajen shekara 11. A shekarun da tabon ya yi yawa, kamar 1979, 1989, 2014 da 2024, rana takan yi aman wuta ta wurgo wani ƙaton curi na ƙwayoyin lantarki. Hasken aman yakan iso duniya cikin minti 8 da ɗoriya, ya ratso kilomita miliyan 150. Curin kansa yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. In ya daki garkuwar duniya sai allurar maganaɗisu ta riƙa rawa a ko'ina, orora ta faɗaɗa, rumfa ta hargitse. Wannan ita ce guguwar maganaɗisu. Ba ta tayar da ƙura, ba ta kaɗa ko ganye ɗaya, sai na'ura ke jin ta. Wani Bajamushe, Yuliyus Bartels, ya tsara mata ma'auni a 1949, daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi kowace awa uku.

Da aka tara lissafin shekaru masu yawa sai wani abu ya fito fili. Guguwar ta fi yawa a lokuta biyu na shekara: watannin Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba. Ranakun hargitsi a waɗannan watanni sun kusa ninka na Disamba da na Yuni. Lokutan nan biyu su ne suke kewaye da ranakun da dare da rana ke daidaita a duk duniya, wato wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A lissafin Bakurfaye, na farko shi ne shigowar bazara, sa'ad da ake sharar gona ana jiran ruwa. Na biyu shi ne ƙarshen damina, sa'ad da hatsi ya nuna ana shirin girbi.

A shekara ta 1973 malamai biyu na Amurka, Rasel da Makfaron, suka kawo bayanin da ya fi karɓuwa. Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisu. In ya zo yana fuskantar arewa, daidai da na duniya, garkuwa takan tsaya a rufe. In ya zo yana fuskantar kudu, sai su biyun su sarƙe, ƙofa ta buɗe, ƙarfin iskar ya shigo. Yadda duniya ta karkace ya sa a waɗannan lokuta biyu na shekara maganaɗisun rana ya fi samun damar zuwa ta fuskar da ke buɗe ƙofar. Akwai wasu dalilai da ke taimakawa, amma wannan yana cikin manyansu.

Tarihi ya riƙe wasu daga cikin manyan guguwa. Ta farkon Satumba na 1859, wadda Bature Karinton ya ga aman da ya haife ta da madubin hangen nesa, ta sa wayoyin tangaraho sun yi tartsatsi a Turai da Amurka. Ta ranar 13 ga Maris na 1989 ta kashe wutar lantarki a lardin Kebek na Kanada, mutane wajen miliyan 6 suka yi awa 9 cikin duhu. Ta ƙarshen Oktoba na 2003 ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin, ta kuma lalata manyan na'urorin rarraba wuta a Afirka ta Kudu. Amma kamar yadda ruwa kan sauko wani lokaci ba cikin damina ba, guguwa ma takan saɓa. Ta ranar 4 ga Fabrairu na 1872 ta kai hasken orora har aka gan shi a Bambai ta ƙasar Indiya da kuma Hartum, birnin da alhazan ƙasar Hausa suka sani a hanyar Makka ta ƙasa, wanda nisansa daga layin tsakiyar duniya bai fi na Filinge da yawa ba. Ta 10 da 11 ga Mayu na 2024 ta rikita injunan shuka masu bin GPS a Amurka, manoma da dama suka dakatar da aiki a tsakiyar lokacin shuka.

Rabon ƙasar Kurfai

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan Kurfai da abin da ke faruwa a ƙasar ƙanƙara. Amsa ita ce rumfar guda ɗaya ce, in an ja ta a wancan gefe sai wannan gefe ya motsa. Ƙarfin lantarkin da guguwa ta zuba a ƙurya yakan iso sararin ƙasashe masu zafi cikin ƴan mintoci. Iskar da zafin orora ya tayar a can ƙololuwa kuma takan biyo baya, ta iso bayan awoyi.

Bayan haka, Kurfai tana da nata matsayi na musamman. Kamar yadda duniya take da layin tsakiya na taswira, wato Ikwaita, haka take da layin tsakiya na maganaɗisu, inda layukan ƙarfin suke kwance sambal. A Afirka ta Yamma wannan layi ya hauro arewa, ya ratsa Burkina Faso da arewacin Benin da arewacin Najeriya, ƴan ɗaruruwan kilomita kaɗai kudu da Filinge. Bisa wannan layi, a tsawon wajen kilomita 105, akwai wani kogin lantarki da ke gudu daga yamma zuwa gabas da rana, faɗinsa wajen kilomita 600. An fara lura da alamarsa a tashar Huwankayo ta ƙasar Peru, wadda aka buɗe a 1922. Wani malamin Najeriya, Siril Onwumecili, ya yi shekaru masu yawa yana nazarinsa tun daga jami'ar Ibadan. Daga 1992 zuwa 1994 masana suka jera tashoshin awo 10 daga Lamto a ƙasar Kodibuwa har Tumbutu a Mali domin auna shi. A Wagadugu kuma wata na'ura ta yi ta auna rumfar daga 1966 har 1998, lissafinta yana cikin mafi tsawo da aka samu a wannan yanki.

Abin da ya fi shafar jama'a yana faruwa ne bayan magariba. Da rana ta faɗi a kan wannan layi, hawa na bisa yakan yi tsalle ya ƙara sama, gindinsa kuma ya zaizaye saboda ba hasken da ke ciyar da shi. Sai wasu manyan gurabe marasa lantarki su taso daga ƙasa su huda shi, kamar kumfar da ke tasowa cikin tukunya. Malamai biyu, Buka da Wels, su suka fara ba da labarin alamar wannan hargitsi a 1938, daga awon Huwankayo. Daga magariba zuwa tsakar dare abin ya fi tsanani. Igiyar da ta ratsa kumfar takan yi rawa kamar yadda tauraro ke ƙyaftawa, murya ta riƙa hawa da sauka.

Kumfar ma tana da lokutanta, kuma a Afirka ta Yamma ta fi yawa a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da tabon rana ya yi yawa, ko da yake akan same ta har cikin damina. Dalilinta dabam ne da na guguwa. A waɗannan watanni rana takan faɗi lokaci ɗaya a bakin layin maganaɗisu na arewa da na kudu, abin da ke ƙara wa tsallen magariba ƙarfi. Dalilai biyu ne, amma kalanda ɗaya. Guguwa kuma in ta zo takan tsoma baki: wani dare ta hura kumfar, wani dare ta danne ta, gwargwadon sa'ar da ta iso.

Abin da ya rataya a kai

A da rediyo kaɗai abin ya shafa, shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da samarinta ke tafiya ci-rani, ga makiyayin da ya yi nisa da gari, ga ƙauyen da ke jiran labarin ganin wata. Yau abin ya ƙaru. Saƙon GPS daga taurarin ɗan Adam yake saukowa, daga tsawon wajen kilomita 20000, kuma dole ya huda rumfar kafin ya iso hannu. In rumfar ta hargitse, na'ura takan yi kuskuren mitoci da dama, wani lokaci ta rasa saƙon gaba ɗaya. Ma'aikacin da ke shata burtali ko iyakar gona, da mai sa alamar wurin da za a haƙa rijiya, duk da wannan na'ura suke aiki. Kuskuren mita 10 a bakin burtali ya isa ya haɗa manomi da makiyayi faɗa shekara mai zuwa.

Jiragen sama ma haka. Masu ƙetare Sahara suna riƙe da gajeren zango domin magana da ƙasa a inda sauran hanyoyi ba su kai ba, masu bi ta ƙuryar arewa kuma sukan sake hanya in guguwa ta toshe rediyo a can. Hukumar ASECNA, mai kula da lafiyar zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama, wadda makarantarta ta horar da ma'aikata take Yamai, ta kafa na'urori a filayen jirage irin su Dakar, Lome da Wagadugu domin nazarin halin rumfar. Dogayen layukan wutar lantarki, irin wanda aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976, su ma guguwa tana iya cusa musu wutar da ba a gayyata ba. Haɗarin ya fi yawa a ƙasashen sanyi, amma abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya nuna cewa na nesa da ƙurya bai tsira ɗungum ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga mai sauraro, akwai abubuwa huɗu da ya kamata ya rarrabe. Na farko, ƙarar tatsatsa da ake ji da damina ta walƙiya ce, ko da hadarin yana nesa da ɗaruruwan kilomita. Wanda ya ɗaura waya a waje sai ya cire ta in hadari ya taso. Na biyu, in da rana tsaka dukan tashoshin gajeren zango suka yi tsit lokaci ɗaya, mai yiwuwa aman rana ne, kuma yakan wuce cikin mintoci ko awa ɗaya zuwa biyu. Na uku, in murya tana tafiya tana dawowa bayan magariba, musamman da bazara da farkon kaka, sai a gwada wani zango, ko a jira dare ya raba. Na huɗu, kafin a kai akwati wurin mai gyara, a tambayi maƙwabci: in nasa ma haka yake yi, alhali FM tana kamuwa lafiya, to akwatin ba shi da laifi. Daren ɗari, mai tsawo kuma marar walƙiya, shi ne lokacin da matsakaicin zango ya fi kai wa nesa. Ma'aikatan awon ƙasa kuwa, ya fi musu su yi aikin da ke son daidaito da safe, su kuma maimaita shi wata rana kafin su kafa dutse.

Alƙalami da littafi

Tashoshin da ke auna rumfar sama a Afirka kaɗan ne in an gwada da na Turai da Amurka, alhali nahiyar tana cikin wuraren da kumfar magariba ta fi yawa a duniya. Wannan giɓi ne da ƴaƴan yankin za su iya cikewa. Nijar ta riga ta haifi masanin rana, Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin nazarin ƙarfin rana na ƙasa, ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma take ɗauke da sunansa.

Ba kuma sai mai babbar takarda ke iya sa hannu ba. Mutumin da ya gano zagayen tabon rana, Hainrik Shuwabe, mai sayar da magani ne a garin Desau na Jamus. Tun daga 1826 ya riƙa duba rana da na'urarsa duk ranar da gari ya yi garau, yana rubuta abin da ya gani, sai bayan shekara 17 ya fito da sakamakon. Kamar yadda ake rubuta awon ruwan sama a ƙauyuka bayan kowane hadari, haka mai rediyo a Shikal ko Tukunus yake iya samun littafi, ya rubuta kwanan wata, da sa'a, da sunan tasha, da zango, da yadda murya ta fito, daga 1 zuwa 5. In ya yi shekara guda yana yi, ya buɗe shafin Disamba ya aza shi kusa da na Afrilu, zai ga lokutan rumfar da rubutun hannunsa.